Na Je, Na Gani

Kafin rana ta hau katangar gidanmu, Baba ya riga ya fito da kekensa tsakar gida. Yakan jingina shi da turken rumfa, ya matsa tayar gaba da babban yatsa, ya matsa ta baya, sannan ya koma ɗaki ya ɗauko lasifikar. A rungume yake fitowa da ita, yadda ake fitowa da jariri. Ya goge bakinta da wani tsohon ƙyalle da ba wanda ya isa ya taɓa, ya duba batir, ya ɗaure ta a gaban keken da igiyar roba. Ruwan ɗumi ne farkon abin da ke bi ta maƙogwaronsa. Ruwan sanyi kuwa, tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ya kai shi baki ba, komai zafin rana. Idan Inna ta yi masa magana a wannan lokacin, da ka yake amsa mata.

"Muryar nan ta mutanen gari ce," in ji shi, "ba zan ƙarar da ita a kan ina aka ajiye wuƙa ba."

Inna takan ce, "To, madalla. Mu da ke gidan nan ai baƙi ne."

Daga nan sai ofishin hukumar gari, inda ake ba shi sanarwar ranar. Taki ya iso. Za a yi wa yara rigakafi. An rufe hanyar bayan kasuwa saboda kwalbati ta karye. An gyara famfon unguwar gangare. Akwai taron iyaye a makaranta. An tsinci tunkiya mai baƙin kunne. Yakan jingina da bango ya karanta su a hankali, leɓɓansa na motsi. Wani mai shelar daga nan kasuwa zai nufa ya buɗe murya. Baba kuwa wurin da takardar ta ambata yake fara zuwa. In an ce taki ya iso, sai ya je sito ya ɗora hannunsa a kan buhu. In an ce an gyara famfo, sai ya buga shi da kansa har ruwa ya jiƙa masa ƙafa. Sai bayan haka yake kunna lasifika.

Shi ya sa shelarsa iri biyu ce, kuma duk wanda ya girma a garin nan ya san bambancinsu tun kafin ya iya ɗaura zani ko wando. Akwai wadda ke farawa da, "Jama'a, an ce in ce muku." Akwai wadda ke farawa da, "Jama'a, na je, na gani."

A wannan makon Baba Mai Shela ya ajiye lasifika, bayan shekaru sun haura talatin yana zagaya garinmu da ƙauyukansa. Ni 'yarsa ce, kuma na san za a samu masu cewa bai dace 'ya ta fito bainar jama'a tana yabon ubanta ba. Na ji. Na jira wani ya ɗauki alƙalami, ban ga wanda ya ɗauka ba. An yi wa waɗanda suka zauna a kujera mai juyawa dogon jawabi ranar sallamarsu, to wanda ya zauna a kan sirdin keke fa? Ba zan nemi afuwar kowa ba. Abin da zan faɗa da shaidunsa, suna raye, suna cikin garin nan, wasunsu ma ba don shi ba da har yanzu da sanda ake jan su.

Yadda abin ya samo asali, mai injin niƙa na bakin kasuwa ne ya ba ni labari, don lokacin ba a haife ni ba. Baba yana sabon shiga aiki aka ba shi takarda cewa likitocin ido za su zo su cire wa tsofaffi yanar ido kyauta. Ya zagaya gari da ƙarfinsa, ya haye rafi, ya shiga ƙauyuka. Ranar da aka sa, harabar asibitinmu ta cika. Wasu a kan jaki aka kawo su, wasu a amalanke, wasu a goye. Mai injin niƙa ya rufe injinsa ya goyo mahaifiyarsa. Aka zauna ƙarƙashin bishiyoyi tun safe, inuwa tana gudu ana binta, har rana ta yi sanyi. Babu likita, babu saƙon likita.

Da aka fara watsewa sai tsohuwar ta ce, "Ina mai muryar nan da ya kira mu? A kawo mini shi."

Baba ya zo ya tsuguna a gabanta. Ta miƙa hannu ta shafa fuskarsa, ta tsaya a kan idanunsa.

"Ka ga, naka biyu lafiya lau. Da ka ce likitoci na zuwa, ka gan su?"

"A'a, Iya. An ce ne in ce."

"To ai da sai ka ce mana haka, ɗan nan. Da ban sa yaron nan ya rufe sana'arsa ya goyo ni ba."

Ba ta zage shi ba. Ta rasu ba ta sake ganin fuskar ɗanta ba. Washegarin wannan rana kuwa aka fara jin sabon salo a bakin Mai Shela, kuma bai sake barinsa ba.

Kada wani ya ɗauka "an ce in ce" zagi ne. Baba bai taɓa kiran hukuma maƙaryaciya ba. Da murya ɗaya yake faɗar duka biyun, ba ya ƙari, ba ya ragi, kuma da yawa daga cikin abin da aka ce ya ce yakan tabbata. Abin da kawai yake ba mutane shi ne su san nauyin maganar kafin su bar gona, ko su rufe shago, ko su ɗauko mara lafiya daga kan gado. Har abin ya shiga bakin gari. Miji ya ce wa matarsa zai sayo mata atamfa ƙarshen wata, sai ta kalle shi ta ce, "An ce ka ce ne, ko ka je ka gani?" Mai shayin ƙofar ofis in aka kawo masa tsegumi, tambayarsa ke nan kafin ya zuba madara.

Haka aka yi ta tafiya har aka kawo sabon Sakatare, mutum mai son aiki ya fita fes a takarda da hoto. Bai daɗe ba aka sake shirya maganar likitocin ido, da manyan baƙi da masu ɗaukar hoto. Ya san in ba Baba ya ce ya gani ba, tsofaffi ba za su fito ba. Masinjan ofis yana tsaye a bakin ƙofa lokacin da aka kira Baba, shi ya maimaita mana yadda aka yi.

"Mai Shela, wannan 'an ce in ce' ɗin naka yana zubar mana da mutunci. Kamar kana gaya wa mutane ƙarya muke yi."

"Yallaɓai, ban taɓa cewa ƙarya ba ce. Cewa nake an ce in ce. To ba a ce in ce ba ne?"

"Kar ka kawo mini wasa. Gobe ina so in ji ka ce ka gani."

"In na je na gani, yallaɓai, har gobe da jibi zan yi ta faɗa."

Ya je. Ya tarar da rumfa, da kujeru a jere, da wani babban ƙyalle da aka zana ido a jiki. Ya tambayi ma'aikatan asibiti, suka ce su ma an ce musu ne. Ya hau kekensa ya shiga gari: "Jama'a, an ce in ce muku likitocin ido na zuwa gobe. Abin da na je na gani kuwa, rumfa ce da kujeru, da hoton ido mai kyau."

Gari ya kwashe da dariya, tsofaffi suka yi zamansu a gida. Washegari baƙi suka zo, aka yanka ƙyallen buɗe taro, aka ce an ƙaddamar da shiri, likitoci sai nan gaba. Ba tsoho ko ɗaya da ya wuni a rana. Amma kujerun sun fito fayau a hoto, kuma wannan ne laifin da ba a yafe masa ba. Kafin mako ya zagayo an karɓe lasifikar, an ɗaura ta a kan motar ofis, an ba direba takarda ya riƙa karantawa. Baba kuma aka miƙa masa makullin ƙofar harabar ofis, aka ce daga yau shi maigadi ne.

Baba, kai ne ka zauna a kan wannan bencin damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Kai ne kake tashi kowace safiya ka buɗe wa motar ƙofa, lasifikarka a kanta tana cin rana da ruwan sama ba mai goge ta, ka ɗaga wa direba hannu, ka mayar da ƙofa ka rufe. Kai ne kake jin ana faɗar kalmominka a kan komai, don an umarci direban ya fara kowace sanarwa da "na je, na gani." Famfon da bai kawo ruwa ba, na je na gani. Takin da bai iso ba, na je na gani. Ina kallon fuskarka idan sautin ya shigo gidanmu ranar hutunka, kana cin abinci, sai hannunka ya tsaya a cikin kwano. Kuma duk wannan zaman ba ka daina shan ruwan ɗumi ba.

Mu ma mun sha namu. Ina ajin ƙarshe na sakandare lokacin. Akwai waɗanda ke jira in wuce su ɗaga murya: "Jama'a, an ce in ce an kori baban wata!" Ban taɓa sunkuyar da kai ba. Nakan tsaya in ce, "Ba a kore shi ba, yana bakin ƙofa. Ku je ku gani, in kuna da ƙafa." Kuka kuwa sai na shiga bayan gida nake yinsa, kuma ko Inna ba ta sani ba.

Kawu, yayan Inna, ya zo takanas ya zaunar da Baba.

"Haba, Malam. Kalma nawa ce? Ka je ka ba mutumin nan haƙuri, ka faɗi abin da yake so, a mayar maka da kayanka. Iyalinka fa?"

Baba ya ce, "Yaya, in na faɗe ta sau ɗaya a kan abin da ban gani ba, duk waɗanda na faɗa a baya sun tashi a banza. Kuma wanda zai goyo uwarsa a kan maganata, me zan ce masa?"

Kawu ya karkaɗe rigarsa ya ce wa Inna, "Ke kika zaɓo shi, sai ki yi ta fama."

Mutane kuma ba su daina zuwa ba. Sai ka ga manomi ya jingina da ƙofar ofis kamar mai hutawa, ya rage murya: "Baba, takin nan da mota ke faɗa, ka gani?" Baba yakan ce, "Ni yanzu gadi nake. Abin da nake gani motoci ne, mai shiga da mai fita." Bai yi wa hukuma zagon ƙasa ba, bai kuma ara wa kowa idonsa ba. A hankali gari ya daina sauraron motar kwata-kwata. In ta wuce, ko kaji ba sa ɗaga kai.

A cikin waɗannan shekarun ne yanar ido ta rufe idanun Kaka, mahaifiyar Baba, duka biyun. Kaka mace ce mai baki, makanta ba ta rage mata komai ba sai gani. Da takunmu take gane mu. Da na samu shiga makarantar koyon aikin jinya ta raɗa mini suna Likita-ba-allura. In na shiga gaishe ta sai ta ce, "Ga manya. Yau wa kika kashe?" In ce, "Ke nake jira, tsohuwa." Ta ce, "Sai dai ki gaji."

Ina zangon koyon aiki a asibitin garinmu sai ga wata babbar mota ta shigo harabar. Aka sauke akwatuna, aka share ɗaki biyu, aka kafa na'urori. Likitocin ido ne, na gaske, shugabarsu wata 'yar siririyar mace marar yawan magana. Motar ofis ta zagaya gari tana "na je, na gani." A wannan karon gaskiya direban ya faɗa, amma wa zai saurare shi? Bencinan jira suka wuni babu kowa. Mutum ɗaya tak ya zo, tsohon telan da gidansa ke kallon asibiti. Ya ce, "Ƙofa da ƙofa muke. In ƙarya ce, ban yi asarar tafiya ba." Aka yi masa aiki a ido ɗaya, aka rufe da bandeji, aka ce sai gobe a buɗe.

Washegari da safe Likita ta dubi bencinan ta ce, "Akwai garin da ke jiranmu. A shirya loda kaya, in rana ta take ba kowa mu tafi."

Ban nemi izinin kowa ba, na zura da gudu gida da farar rigata.

"Kaka, tashi! Likitoci sun zo, wallahi sun zo, da idona na gan su!"

"Ke yaushe idon naki ya nuna? Me ubanki ya ce?"

"Baba yana gadi, Kaka!"

"To ni ma ina gadin ɗakina. Ni na haife shi, amma ko ni sai ya ce ya gani."

Na juya sai ofis. Na tarar da Baba a kan bencinsa, na zayyana masa komai ina haki. Ya saurare ni har na gama.

"Kin gani?"

"Na gani, Baba."

"Madalla. Ke kin gani. Ni kuwa yanzu an ce ne in ce."

Raina ya ɓaci. Ni, 'yar cikinsa, da karatuna da rigar aikina? Ban buɗe baki ba sai ga Sakatare ya sauko daga bene da kansa, gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Labari ya kai masa cewa ana shirin loda kaya.

"Mai Shela," in ji shi. Rabon da ya kira shi da wannan sunan tun ranar da aka karɓe lasifika. "Ɗauki abin nan ka shiga gari. Ka ce ka gani. Wannan karon gaskiya ce."

"Na yarda, yallaɓai. Bari in je in gani."

"Babu lokaci! Ga 'yarka nan ta gaya maka!"

"Asibitin ba nisa. Sai dai wa zai riƙe ƙofa? An ce kada in bar ta."

Sakatare ya tsaya yana kallonsa. Mai shayi ya daina fifita wuta. Can sai Sakatare ya miƙa hannu ya ce, "Kawo makullin." Na sha faɗin maganganu a kan mutumin nan, amma wannan kam na ba shi. A ranar shi ya tsare ƙofa.

Muka isa asibiti ana fito da akwatin farko. Na kai Baba ɗakin aiki, na nuna masa na'urori, ina yi masa bayani da sauri. Ya zagaya su, ya leƙa, ya gyaɗa kai.

"Na ga ƙarfe. Amma ba ƙarfe zan kira mutane su zo gani ba. Ina wanda aka yi wa?"

Na ji kamar in kurma ihu. Likita da ke tsaye tana jinmu ta tambaye ni wane ne wannan, na gaya mata a taƙaice. Ta dube shi, ta dubi agogo, ta ce a shigo da tela. Aka zaunar da shi, ta wanke hannu, ta shiga ɓare bandejin a hankali kamar ba ita ce mai sauri ba. A waje ina jin ƙarar akwatuna suna hawa mota. Baba ya tsuguna a gaban telan, daidai yadda aka ce ya tsuguna a gaban waccan tsohuwar.

Tela ya ƙifta ido. Ya sake ƙiftawa, hawaye na zuba. Ya ƙura wa Baba ido ya daɗe, sannan ya kai hannu ya kama wuyan rigarsa.

"Mai Shela, yaushe ka yi furfura haka? Kuma wane mugun ne ya ɗinka maka wannan rigar? Dubi wuya a karkace!"

Baba ya ce, "Kai ka ɗinka, bara."

Ɗakin ya ɗauki dariya, har Likita. Kafin mu gama Baba ya kai ƙofa. Direban ofis da ya biyo mu asibiti ya riga ya hau kan mota yana kwance lasifikar da hannunsa, ba wanda ya sa shi. Ya sauko da ita, ya goge ta da hularsa, ya taya Baba ɗaure ta a gaban keke.

Da ya kunna, muryar ta fara fitowa a shaƙe. Ya yi gyaran murya, ya ja numfashi.

"Jama'a, ni ne! Na je, na gani! Likitocin ido sun zo! Na ga tela ya buɗe ido, har ya zagi ɗinkinsa! Mai tsoho ya ɗauko tsohonsa, mai tsohuwa ya ɗauko tsohuwarsa, yanzu, kafin rana ta take! Na je, na gani!"

Waɗanda ke kasuwa sun ce ciniki tsayawa ya yi cak. Mahauci ya bar wuƙa a kan nama. Mai injin niƙa ya kashe injinsa da garin mutane a ciki, ya tsaya a bakin shago yana share ido da bayan hannu, sannan ya ja amalankensa ya shiga unguwa yana kira: "Ina mai tsohuwa? A kawo ta nan!" Wuni ya yi yana jigilar iyayen wasu, ya ƙi karɓar ko godiya.

Ni kuwa na koma gida na tarar da Kaka zaune a bakin ƙofa, ta ɗaura sabon zaninta, ta yafa mayafi, sanda a hannu.

"Ina kika tsaya, Likita-ba-allura? Tun ɗazu aka yi magana."

Kafin rana ta take, bencinan sun cika, an koma ƙarƙashin bishiyoyi, layi ya fita har titi. Likita ta leƙo ta taga, ta daɗe tana kallo, ta juya ta ce, "A sauke kaya." Suka ɗaga tafiyarsu, suka zauna har ƙarshen mako. Baba bai ga wannan ba, yana can ya haye rafi, ƙauye bayan ƙauye, har sai da muryar ta ƙare ƙaf. Da yamma ya dawo yana tura keken, magana sai da hannu.

Ranar da aka buɗe idon Kaka ina tsaye a gefenta. Ta fara da ni.

"Wannan zanƙaleliyar ce jikata? Ashe bakin ne kawai ya yi girma."

Sai ta waiwaya ta ga Baba a tsugune. Bakin nan da ba ya mutuwa ya mutu. Ta kama fuskarsa da hannu biyu, ta juya ta nan, ta juya ta can.

"Ɗan nan, shekarun nan duk ce mini ake kana nan lafiya." Ta shafa furfurarsa. "Yau na gani."

Ba a taɓa rubuta takardar mayar da shi aiki ba, ba a kuma sake tambayarsa makullin ƙofa ba. Lasifikar dai ta kwana a ɗakinsa, washegari ya fito da ita a rungume. Haka ya ci gaba har wannan makon, kuma ba wanda ya sake ce masa ga yadda zai fara shela.

Baba, na gode. Na gode a madadin tela da ya koma kan keken ɗinkinsa yana warware tsoffin ɗinkunansa, da Kaka da ke tsintar tsakuwa a shinkafa tana mitar ba mu iya ba, da duk tsohon da bai wuni a rana a banza ba saboda ka faɗa masa gaskiyar nauyin magana. Kai ne mai murya ɗaya a gaban babba da yaro. An ɗauke maka lasifika an kasa ɗauke maka abin da ke sa a saurare ta. Ranar da ka ƙi karɓar maganata na yi fushi, yau kuwa da ita nake taƙama a gaban kowa: ubana ko ni bai ara wa idonsa ba.

Ku kuma da ke karanta wannan, yanzu kowa mai shela ne. Waya tana aljihun kowa, saƙo na shigowa a tura shi gaba kafin a kai ƙarshensa. Ba na ce kowa ya hau keke ba. Amma kafin ka tura, ka tuna a can ƙarshen saƙon akwai wanda zai rufe shagonsa ya goyo uwarsa. In ka gani, ka ce ka gani. In ce maka aka yi, ka ce an ce. Ba ya rage wa mutum komai, mu shaida ne.

Direban nan shi ya roƙa a ba shi aikin, ya ajiye mota ya sayi keke. Jiya da hantsi ya biyo ta gidanmu, ya yi sallama, ya leƙo tsakar gida, ya gaishe da Baba ya fita. Jim kaɗan muka ji lasifika daga bakin titi:

"Jama'a, an ce in ce muku Baba Mai Shela ya yi ritaya. Na kuma je gidansa, na gani. Yana zaune a inuwa, yana shan ruwan sanyi!"

Inna ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Baba ya ɗaga kofin sama kamar mai nuna wa gari, ya shanye, ya miƙa mata.

"Ƙaro mini," in ji shi, da muryarsa duka. "Kuma wuƙar da kike nema tun shekaru talatin, tana bayan randa."